Jar Kuɓewar Hajiya Zaituna

Sa'alaba, Jidda
9 ga Agusta

Zuwa ga matata Hikima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Sajida da Zinariya. Yaya ƙafar Inna, ta saki kuwa? Ki duba min ita, ki ce kullum tana cikin addu'ata. Ni ma lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da ya sa ko kyanwa ba ta fita da rana.

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda maimakon kira. Na san halinki, da na kira sai ki ƙure muryar waya duk tsakar gida su ji, har matar ɗan'uwana Ismail ta bar wanke-wanke ta zo ta sa baki. Wannan maganar ke kaɗai nake so ki karanta, don ta yi min nauyi a baki.

Kin san Hajiya Zaituna, tsohuwar da ta ba ni ɗaki a saman benenta shekara biyu ke nan, ba ta taɓa tambayata iƙama, wato takardar izinin zama, ba. A nan Jidda aka haife ta, Larabci ya cinye rabin Hausarta, amma in ta kira ni ɗana sai in ji kamar Inna ce. Abin da ban taɓa ba ki labarinsa sosai ba shi ne lambunta. A saman benen nan yake, daf da ƙofar ɗakina, cikin tsofaffin bokitan fenti da robobi: na'ana'a, zogale, tumatir, sai kuma kuɓewa. Kuɓewar ce magana. Ja ce, gajera, mai kaurin babban yatsa, har karanta da jijiyar ganyenta ja ne. Ban taɓa ganin irinta a wajenmu ba. Mahaifiyar Hajiya ce ta ƙullo irin a bakin zane lokacin da suka taho Makka a ƙasa ta Sudan. Shekara bakwai suka yi a hanya, duk inda damina ta riske su sai ta shuka ta cire sabon iri. Tun daga nan ba a taɓa tsallake shekara ba. Irin yana cikin wata tsohuwar kwalbar zuma, gauraye da toka, a akwatin da ke ƙarƙashin matakala.

Ita Hajiya ba ta shuka sai wani tauraro da suke kira Suhail ya fito a ƙarshen Agusta, sannan ta ƙara kwana arba'in a kai. Wato sai Oktoba, lokacin da mu muke yankan gero. Shekara biyu ina yi mata dariya a ciki. Ni da na yi shekara ashirin da fartanya a kafaɗa, tsohuwar da ba ta taɓa ganin kunya a gona ba ce za ta nuna min lokacin shuka?

A watan Yuni ɗanta Nawaf ya kwashe ta da iyalinsa suka tafi Ɗa'if gudun zafi. Ta bar min makullin akwatin don in riƙa ɗaukar buta da almakashi, ta ce in shayar da na'ana'a da zogale da ruwan da ke ɗiga daga mukayyif ɗin 'yan hayar ƙasa, wato na'urar sanyaya ɗaki, don shi ne mai sanyi marar gishiri. Ba ta ce komai a kan kwalbar ba, don bai zo mata a rai akwai mai taɓawa ba.

Sai ga kiranki ranar nan, kina ce min ruwan shuka ya sauka, gari duk ƙamshin ƙasa, Ismail ya fita gona tun asuba. Ba laifinki nake gani ba, wallahi. Amma ranar na wuni ina sauke buhunan albasa a kasuwar kayan lambu hannuna yana ƙaiƙayi. Da na dawo na buɗe akwati, na zuba rabin irin a tafin hannu, na shuka bokiti goma sha biyu. Na ce kafin ta dawo kuɓewa ta yi fure, ta ga aikin manomi.

Kwana huɗu suka tsiro, jajaye gwanin sha'awa, har na ɗauki hoto ina shirin tura miki. Ruwan mukayyif bai isa ba, sai na ƙara da na tankin sama, wanda da rana yake fitowa kamar ruwan wankan jego. Daɓen benen kuwa ba ya takuwa ba takalmi. A kwana na tara duk suka kwanta, suka zama kamar zare.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Tsoro ne ya kama ni kar ta dawo ta ga kwalba rabi ba tare da komai a bokiti ba. Na ɗaura tsohon zanin gado na yi rumfa, na shuka ragowar a watan Yuli. Waɗannan ma mako biyu suka yi.

Hikima, kwalbar babu komai sai toka. Na zazzage ta a kan takarda na bi da yatsa, ko ƙwaya ɗaya ban samu ba. Shekara tamanin da wani abu mata biyu suna riƙon abin nan, ni na gama da shi a wata biyu. Kunya ta hana ni ko kallon bokitan in zan wuce.

Ki gaishe da yara. Ki ba ni shawara, amma kada ki yi min faɗa da yawa, na yi wa kaina ya isa.

Mijinki,
Gwadabe


Sa'alaba, Jidda
14 ga Satumba

Zuwa ga Hikima,

Assalamu alaikum, tare da fatan kun wuni lafiya. Na ji daɗi da kika ce Inna ta fara takawa har bakin zaure. Yaya tarin Zinariya? Ki daina barinta tana wasa a ruwan sama.

Amsarki ta iso, na karanta ta sau uku. Gaskiya kika faɗa, cewa in tari Hajiya da maganar tun ranar da ta sauka, kafin ta ajiye jaka. Har kika ce girman kaina ya fi gonarmu faɗi. Na yi dariya, daga baya na daina, don kafin wasiƙarki ta zo na riga na ƙara wani abin a kan na farko.

Na je Bab Makka, layin masu kayan miya, na sayi irin kuɓewa a wurin wani mai shago. Na tambaye shi ko ja ce, ya dube ni kamar na tambayi jar madara. Na karɓa haka nan. Kin san irin kuɓewa duk kamarsa ɗaya, baƙi-baƙi ƙanana. Na dawo na zauna a ƙofar ɗaki na murza shi cikin tokar Hajiya har ya yi furfura irin na da, na zuba a kwalba daidai inda na tuna ya tsaya, na mayar akwati. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda na iya aikin.

Sun dawo ranar biyu ga wata. Na sauko na kwashe musu kaya. Hajiya ta kawo min rumman da inabin Ɗa'if a leda ta daban, ta ce nawa ne ni kaɗai. Na shirya maganar tun a matakala, na buɗe baki, sai na ji ina yi mata sannu da hanya.

Washegari ta hau sama. Gwiwoyinta sun yi nauyi, sai ta huta sau uku kafin ta iso, idonta kuma ya rage gani ƙwarai. Ta shafa na'ana'a ta shinshina hannu, ta shafa zogale, ta yi ta sa min albarka. Ta ce bara da ta bar wa wani ɗan haya, ƙurmus ta tarar. Daga nan ta sa na ɗauko kwalbar. Ta girgiza ta a kunne, ta yi murmushi, ta sumbaci murfin. Ni ina tsaye a gefe da buta a hannu, ji nake kamar benen ya tsage in faɗa har ƙasa.

Yanzu ta gaya wa duk matan layin cewa Allah ya ba ta manomi na gaske. In na wuce sai su riƙa kirana mu'allim, wato gwani, wata ma ta aiko in duba mata tumatir. Ban taɓa sanin yabo yana ciwo haka ba.

Suhail ya fito tun suna Ɗa'if, tun can ta fara ƙirga. Ta ajiye kofi a kan taga, kullum da safe tana jefa ƙwallon dabino ɗaya, in sun cika arba'in za a yi shuka. Ni kuma aikina haɗa ƙasa da kashin tattabara, ina juyawa ina cika bokitan da na kashe mata iri a ciki. Iskar yamma ta fara sanyi kaɗan, mutane sun fara fita bakin teku da tabarmi, kowa yana murna zafi ya karye. Ni kaɗai nake so Agusta ya dawo.

Na san abin da za ki ce. Kullum ina cewa gobe. Ki taya ni da addu'a Allah ya ba ni ƙarfin hali.

Naki,
Gwadabe


Sa'alaba, Jidda
17 ga Oktoba

Zuwa ga matata Hikima,

Sallama da gaisuwa. Ina fata an fara shigo da amfanin gona lafiya. Ki yi wa Ismail sannu da aiki, ki ce na ga hoton damman gero, Allah ya sa albarka. Ki shafa min kan yara.

Kin yi shiru kwana goma, na san fushi ne. Kina da gaskiya. Har yanzu ban faɗa ba, kuma abin ya ƙara nisa.

An yi shuka ranar huɗu ga wata. Ashe biki ne a gidan, bara ina wurin aiki ban gani ba. 'Ya'yanta da jikoki suka hau sama, kowa aka ba shi ƙwaya uku ya sa a bokiti, Hajiya tana zaune a kujerar roba tana karanta wa mahaifiyarta fatiha. Akwai jikarta Wejdan, 'yar jami'a, tana jin Hausa amma ba ta iya mayarwa. Ita ta fi kowa zumuɗi, tana rubuta komai a waya, zurfin rami da yawan ruwa. Ni aka sa in nuna musu yadda ake rufe rami da yatsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce kuma suka yi abin da suke kira kashta. In zafi ya sauka, mutanen nan sai su ɗebi darduma da tukwane su fita bayan gari cikin rairayi, su wuni suna shan iska. Hajiya ta ce ƙafarta ƙafata. Mota uku muka yi, muka bi hanyar Asfan, muka sauka a gindin wani tudu bayan sallar Juma'a. Wuri ne fili fetal, iska mai daɗi, sama tas. Nawaf ya hura gawayi yana gasa kaji, matasa suna ƙwallo, 'yan mata suna hawa tudu suna gangarowa da gudu suna ihu. Rabona da ganin fili haka tun ina gida. Na cire takalmi na taka ƙasa, na ɗan manta da kaina.

Bayan la'asar Hajiya ta sa aka taru a kan darduma. Ta fito da ƙullin tsumma guda uku daga jakarta. Ta ce ta tsufa, bana ne ƙila hawanta saman bene na ƙarshe, kuma tun da take ba ta taɓa raba irin nan ba saboda babu wanda ya nuna yana so. Ta ba wa 'yarta Manal ɗaya ta tafi da shi Riyad. Ta ba wa Wejdan ɗaya ta shuka a barandarsu. Na uku ta riƙe, ta kira sunana.

Ta ce in aika miki da shi, ki shuka a bayan ɗaki in damina ta zo. Ta ce kuɓewar nan ta yi shekara tamanin tana baƙunta, lokaci ya yi da za ta koma gida, kuma ba ta ga hannun da ta yarda da shi kamar nawa ba. Manal tana share hawaye.

Hikima, na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Na yi godiya. Har na ce Allah ya ba ni ikon riƙe amana, bakina bai karye ba. Nawaf ya ɗauke mu hoto, ni da ita da ƙullin irin Bab Makka a tsakaninmu. Da aka zuba abinci na ce cikina ne ba daɗi, na zaga bayan tudu na zauna har aka kira magariba.

Tsiron ya fito tun kwana takwas da suka wuce, kore shar, babu ɗigon ja ko ɗaya. Hajiya ta hau sau ɗaya, na tsaya tsakaninta da rana ina ta surutu a kan tumatir. Ta shafa ganyen ta ce sun yi ƙiba bana. Idonta ne ya rufa min asiri, ni kuma na ji daɗin hakan a lokacin, ki duba irin mutumin da na zama.

Ƙullin yana cikin aljihun rigata ta Juma'a. Ba zan aiko miki da shi ba.

Ki yi min magana ko da faɗa ne.

Mijinki,
Gwadabe


Sa'alaba, Jidda
3 ga Nuwamba

Zuwa ga Hikima, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da Inna da duk mutanen gida. Na gode da saƙonki, gajere ne amma ya shiga.

Na faɗa. Kada ki yabe ni, don ba jarumta ba ce, tura ce ta kai bango.

Wejdan ce ta zo ranar Asabar da tukunyarta a hannu, tana tambayar kakarta me ya sa nata tsiron kore ne alhali a hotunan bara ja ne. Hajiya ta sa aka riƙe ta ta hau sama, ta sa Wejdan ta duba bokiti ɗaya bayan ɗaya tana gaya mata launi. Ina cikin ɗaki ina jin su, ban fito ba. Na ɗauka sunana za ta kira. Sai na ji tana cewa ita ce, tsufa ne ya sa ta haɗa iri bara ba ta sani ba, ta lalata abin da uwarta ta ɗauko a ƙafa. Ta zauna a kan bokitin da aka kife tana kuka irin na tsofaffi, marar sauti, tana neman gafarar mahaifiyarta. Ko a zuciyarta ba ta kawo ni ba.

Washegari da hantsi ban je kasuwa ba. Na sauka, na yi sallama a ƙofar falo, na cire hula na zauna a ƙasa. Nawaf yana nan da matarsa Bayan. Na faɗi komai daga kiran ruwan shuka har zuwa tokar da na murza, ban rage ba. Na ajiye ƙullin da makullin akwati a gabanta.

Nawaf ya miƙe yana faɗa da Larabci, rabi ban gane ba, amma na gane yalla, wato maza, na gane ƙofar da yake nunawa. Ban ga laifinsa ba, har na fara tunanin inda zan kai katifata. Hajiya ta ɗaga hannu ta ce halas, wato ya isa, ya koma ya zauna. Ba ta zage ni ba. Tambaya ɗaya ta yi, ko da suka tsiro a Yuni jajaye ne. Na ce jajaye ne. Ta gyaɗa kai.

Sai na yi abin da na ɗauka gyara ne. Na ce ta gaya min sunan garin mahaifiyarta, ke za ki je ko ina ne, ki bi gida gida ki tambayi tsofaffi, in dai kuɓewar tana duniya za a samo ta. Na faɗa da ƙarfi, har na fara jin sanyi a raina.

Sai ta ce ba ta san sunan garin ba. Mahaifiyarta gida kawai take cewa. Tana yarinya ba ta damu ta tambaya ba, hankalinta yana kan ta iya Larabci kamar sauran yara, ranar da ta so sani kuma babu wanda za ta tambaya. Ba ta san ko ƙasar Kano ce ko Katsina ko Damagaram ba. Ta ce abin da ta sani game da inda suka fito shi ne ana yin jar kuɓewa a can.

Ban san lokacin da na fita daga falon ba.

Da yamma na aika Bayan ta tambaye ta ko in tuge koren. Ta ce shukar ba ta yi laifin komai ba, in ci gaba da ba ta ruwa, yara za su ci. Ɗakin ma ta ce in zauna. Makullin ne ba ta mayar min ba, kuma tun ranar ba ta sake hawa sama ba. In na gaishe ta tana amsawa, tana tambayar lafiyarku, amma Gwadabe take cewa yanzu, ba ɗana ba.

Jiya da azahar Bayan ta hawo da kwano a rufe. Tuwon shinkafa ne da miyar busasshiyar kuɓewa. Ta ce ragowar ta bara ce da Hajiya ta yanka ta shanya, gwangwani ɗaya ya rage a duniya. Hajiya ta ce a kaɗa shi duka a tukunya ɗaya, kowa na gidan ya ci, a kai wa na sama rabonsa.

Na zauna a ƙofar ɗaki da kwanon a gabana har ya fara hucewa. Na so in mayar, na ga mayarwar ta fi muni. Na wanke hannu na ci. Miyar tana da wani ɗan zaƙi a ƙarshen harshe wanda ban taɓa ji a kuɓewa ba, ina ci hawaye yana zuba a ciki. Na suɗe kwanon tas, na wanke shi, na sauka na ajiye a bakin ƙofarta ban ƙwanƙwasa ba.

Ki gaishe da Sajida da Zinariya. Inna kuwa ki bar ni in gaya mata da bakina.

Mijinki mai neman addu'arki,
Gwadabe